Buhunan da Ba Su da Shaida

Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana sun sha isasshen nuni da baki a makaranta. Abin da zan gaya muku shi ne, kafin a fara kirana ɓarawo, ni dillalin hatsi ne a kasuwar Dandume, mai sitonsa na kansa. A wurin mahaifina na gaji sana'ar, da siton, da mutanen da ke hulɗa da shi. Manoma kan kawo mini masara da kaka su ajiye, idan bazara ta yi farashi ya ɗaga in sayar musu, in ɗauki la'adata. Ba ni da arzikin a zo a gani, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidana ba.

A sana'armu, duk manomin da ya kawo ajiya sai ya yi wa buhunansa shaida da fenti. Wani ya rubuta harafin sunansa, wani ya zana tauraro, wani ya ja layi biyu. Mutum ɗaya ne ba ya yi, Baba Yohanna, wani dattijo Kirista daga wani ƙauye a bayan Dayi, aminin mahaifina tun suna samari. Kakar farko bayan rasuwar mahaifina na miƙa masa gwangwanin fenti, sai ya ture hannuna.

"Ni da ubanka ba mu taɓa yin wannan ba," in ji shi. "Kai kuwa a kan cinyata ka sha yin fitsari. Ajiye abinka."

Na yi dariya na ajiye. Daga nan, duk buhun da ka gani fari fes a kusurwar sitona, ka san na Baba ne.

Sai shekarar nan ta zo da masara ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Kowa ya zama ɗan ajiya, har malaman makaranta da masu gyaran babur. Ni da nake auna wa wasu riba da hannuna, sai zuciyata ta ce mini har yaushe zan zauna a kan la'ada. Da kaka ta zagayo na kai takardun gidana wani ƙaramin banki a Funtuwa na karɓi bashi, na ƙara da na wani Alhaji mai sayar da taki, na sayi masara da tsada na jibge. Matata Hadiza ta tambaye ni, idan farashin ya sauka fa? Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta, kasuwa ba aikinta ba ne.

Farashin ya sauka. Har yau ban gane yadda aka yi ba. Wasu suka ce an shigo da hatsi daga waje, wasu suka ce noma ne ya yi yawa, wasu suka ce masu kamfanin abincin kaji ne suka daina saye. Kowace ranar kasuwa in ce yau zai tashi, sai in tarar ya ƙara faɗuwa. Na sayar da tawa masarar da asara, kuɗin bai kai ko rabin abin da ake bina ba. Ma'aikacin banki ya fara zuwa da babur yana zama a bakin sitona, ya yi ta danna waya.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Maƙwabcin sitona, Sabi'u, shi ma ya faɗa irin wannan rami. Wata safiya ya zo ya zauna kusa da ni a kan benci, ya ce shi ya gaji, gobe zai je gaban alƙali ya faɗi da bakinsa cewa ya karye. A kira duk masu bin sa, a sayar da abin da ya mallaka a raba musu, abin da ya rage a ba shi lokaci. Ya ce ya tambayi malamai, ya tambayi wani lauya, duk sun ce akwai wannan hanya, kuma wanda ya kasa biya da gaskiya ba a ɗaukarsa mai laifi.

"Mu je tare," in ji shi.

"Kai Sabi'u, kana da hankali kuwa? In je da ƙafata in ce na karye? Wa zai ƙara ba ni ajiyar ko mudu ɗaya?"

"To yanzun me kake da shi?"

"Sunana," na ce masa.

Ya tafi shi kaɗai. Na ga ranar da aka yi gwanjon motarsa da injin casarsa. Na gan shi daga baya ya shimfiɗa buhu a bakin hanya yana auna wake da mudu, samarin da a da suke yi masa lodi suna wucewa suna kawar da kai. Na ce a raina gara in mutu da in zama haka. Wallahi a lokacin gani nake ni ne mai wayo, shi ne wawa.

Ranar da wa'adin banki ya cika, na shiga sito na tsaya ina kallon kayan mutane. Buhu mai shaida ba ya sayuwa a ɓoye, domin duk ɗan dakon kasuwar nan ya san tauraron wane da layin wane. Sai idona ya sauka a kusurwar Baba. Ban ce zan sata ba, kada ku ɗauka haka abin yake zuwa. Cewa na yi zan ara kaɗan, kafin Baba ya nema na mayar. Wata na gaba na sake ara. Da kusurwar ta fara yin fili, sai na sayo ɓuntun shinkafa na gauraya da yashi, na ɗura a fararen buhuna, na ɗinke na jera. Idan ka leƙo daga ƙofa, sito cike yake kamar da. Abin mamaki, ni kaina idan na kalli jerin sai in ji hankalina ya kwanta, kamar masarar tana nan.

Baba ya zo sau ɗaya a wannan tsakani. Ya ce ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya mutu, yana son kafin ruwan shuka a sayar da masarar ya sayi wani. Na ce masa ya ɗan ƙara haƙuri, farashi na gab da tashi. Ya dafa buhun yashi da tafin hannunsa, ya ce, "Kai ka san kasuwa, ɗana. Yadda ka gani." Na saya masa shayi da burodi da kuɗin masararsa, ya sa mini albarka ya hau mota.

Daga nan kaina ya kwance gaba ɗaya. Na karɓi kuɗin wannan na toshe bakin wancan, har na daina sanin wa nake biya da kuɗin wa. Wani ɗan kasuwa daga Kudu ya zo neman masara ta cika tirela, na kai shi sito na nuna masa jerin fararen buhuna, ya ba ni kafin alƙalami mai tsoka. Ranar lodi ya zo da ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a ga ƙwaya. Ya soka, yashi ya zubo masa a tafin hannu. Ya kalle ni, ni ma na kalli yashin, kamar wani ne ya zuba. Kafin azahar ina ofishin 'yan sanda.

A kotu aka mayar wa kowane manomi buhunansa, tunda ga shaidarsa a jiki. Sai aka zo kan Baba. Alƙali ya tambaye shi ko yana da takarda, ya ce babu. Ko buhunansa na da wata alama, ya ce babu. Lauyan da 'yan'uwana suka ɗaukar mini ya riga ya ja mini kunne cewa laifin ɗan Kudu ma ya ishe ni, kada in ƙara wa kaina wanda ba a iya tabbatarwa. Alƙali ya juyo ya ce, "Wannan dattijo ya ba ka ajiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban tuna ba."

Baba bai yi musu ba. Ya ɗauki hularsa daga kan benci ya sa, ya zauna. Duk abin da na aikata, wannan kalma ce ta fi hana ni sukuni har yau.

Kafin ya yanke hukunci, alƙali ya faɗi maganar da ta ƙara rikita ni. Ya ce ba don bashi zai ɗaure ni ba, da bashi ne kawai da an zauna an daidaita. Don zamba zai ɗaure ni. Gidan da na yi duk wannan don kada a sayar, an sayar da shi. Hadiza ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Malumfashi. A gidan yari na yi ta juya abin a raina, ina neman ranar da na tashi daga mai bashi na koma ɓarawo. Ranar buhun farko ce, ko ranar yashi, ko tun ranar da na ce wa Sabi'u ba zan je ba? Na tambayi malamin da ke zuwa yi mana wa'azi, ya ce in bar neman ranar, in nemi mutanen.

Da na fito, babu wanda ya yarda ya ba ni ko dako, sai Sabi'u. Ya gama biyan sauran bashinsa a hankali, manoma sun dawo masa da ajiya, har ya kama hayar sito. Suna cewa mutumin da ya tona kansa a gaban alƙali ba zai ɓoye musu buhu ba. Shi ya ɗauke ni ɗinkin buhu da shara.

Na tara kuɗin mota na tafi ƙauyen Baba. Na same shi a gona da fartanya, rabin gonar ya ba da ita jingina, tunda bai sake haɗa shanun huɗa ba. Na durƙusa a cikin kunya na ce, "Baba, na tuna."

"Na san ka tuna tun a can," in ji shi. "Na yafe maka, don Allah da ubanka. Tashi, kana taka mini shuka."

Na yi masa alkawarin biya kaɗan-kaɗan, kuma ina kan biya. Na koma gida ina jin kamar komai ya koma yadda yake.

Da kaka ta yi, sai ga Baba a bayan a-kori-kura da 'yan buhunansa, ya kawo ajiya siton Sabi'u. Na ruga na sauke masa, na jera su a kusurwa. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ina gwangwanin fentin nan?" Na ɗauko. "Idona ya yi rauni. Rubuta mini harafina a jiki, kowane ɗaya." Ba da fushi ya faɗa ba. Na tsuguna na rubuta, hawaye na ɗiga a kan buhu.

Ku samari da kuke shiga kasuwa yanzu, ban san abubuwa da yawa ba, farashin da ya kayar da ni ma har yau ban fahimce shi ba. Amma wannan na sani. Idan bashi ya fi ƙarfinku, ku faɗa da bakinku tun da wuri, ku tara masu bin ku, ku je gaban alƙali idan ta kama, a sayar da abin da za a sayar. Za a yi muku dariya, kuma dariyar za ta wuce. Kada ku taɓa kayan amana da sunan aro, domin hannunku ba zai fara da na wanda ke zarginku ba, zai fara ne da na wanda ya fi kowa yarda da ku. An yafe mini, ina cin abinci, yarana sun fara dawowa wurina. Amma kullum da safe idan na buɗe sito da tsintsiya a hannu, abin da nake fara gani shi ne buhunan Baba da jan fenti a jikinsu, kuma rubutun hannuna ne.