Igiyar Hannun Yayana

Zamanin Turawa, in kaka ta yi anka ɗaure dammunan gero, 'yan damben Isa kan zo mana Sabon Birni. Mun fi su taro nesa ba kusa ba. Har daga ƙasar Faransa, nan bayan iyaka, ake ƙetarowa kallon namu. Mutanen Isa kuwa ba su cika inuwar tsamiya guda, mu yi ta yi musu ba'a, wai sun zo rakiyar gawa.

Amma akwai abin da sunka fi mu. In nasu ya faɗi, duk sai su shiga fili su ɗaga shi, su kaɗe mai ƙasa, makaɗinsu na ci gaba da wasa shi. Mu kam mai nasara muke so.

Shekarar da nake faɗi, yayana ne gwanin garinmu. Ni ke naɗe mai igiyar hannu, ni ke kwancewa, don in hannu ya kumbura mutum ba ya iya kwance ta da kansa. Kuma kada a ce yarinta, da gemuna a lokacin, har da mata.

Turmi na biyu wani siririn mahaucin Isa ya kai shi ƙasa. Kalangunmu ya yi tsit. Kafin ƙura ta lafa, masu kirarin ɗazu sun fara sulalewa, ni ma ƙafa ta ja ni cikinsu. Wani ɗan Isa ya tare ni yana dariya.

"Malam, ba kai ne mai igiyarsa ba?"

"Ni ɗan Tsamaye ne," na ce, "kallo na zo."

Yayana na zaune a ƙasa, taku biyar tsakaninmu, ya miƙo hannun yana jirana. Ya ji abin da na ce. Wani tsoho daga cikin mutanen Isa ne ya durƙusa ya kwance mai, yana ce mai, "Sannu, ɗana, faɗuwa ba mutuwa ba ce."

Da zagina yayana ya yi, da na samu sauƙi. Washegari ina shara a zaure ya shigo, hannu kamar tulu, ya aje igiyar gabana.

"Wanke ta, Juma'a za ni Isa ramuwa," ya ce. "In mutumin Tsamaye na da sarari, ya raka ni."

Yau shekaruna sun haura tamanin, kuma ko a kasuwa anka ambaci Tsamaye sai na sunkuyar da kai.