Sunan da Bature Ya Rubuta

Duk Zaitawa, in aka ce mai maganin ciwon daji, Malam Ashafa ake nufi. Bai taɓa cewa yana warkar da ciwon ba, amma garin maganinsa kan sa mai kumburi ya samu ya runtsa. Gado ne, sai dai mahaifinsu ya raba sirrin biyu don kada 'ya'yansa su rabu. Ƙanen, Ilu, shi ya san itacen, shi ke haƙo saiwa a bayan Goron Dutse. Ashafa kuwa shi ya san haɗi da daka, shi ke zaune a zaure da rawani ana yi masa godiya. Wannan rabo ya yi masa daidai.

A 1957 wani Bature mai tattara tsirrai ya zo da tafinta, wai a ƙasarsu ana gwada itatuwa ko a dace da maganin daji. Ashafa ya kawo gari a ƙoƙo yana hura hanci. Bature ya ce gari ba ya gaya masa komai, ganye da fure yake so. Sai ga Ilu, mai faso a ƙafa, an sa shi gaban mota don ya je ya nuna itacen. Ya dawo da takardar boko, aka ce an rubuta sunan mai maganin, za a kai Ingila.

Kishi ya ci Ashafa har ya rame. Shi da ya shekara talatin yana daka, a ce sunan mai haƙa ne zai ƙetare teku? Ilu ya miƙo masa takardar, ya ƙi ko kallonta. Ya daina amsa gaisuwarsa, ya daina karɓar saiwarsa, ya gwammace marasa lafiya su koma gida hannu rabbana. Ilu bai fasa ajiye ɗaurin saiwa a ƙofar zaure ba, tana bushewa a nan.

Shekara biyu ana haka, zazzaɓi ya ɗauke Ilu. Da ake raba kayansa takardar ta fito, Ashafa ya ba Malam Jibrin, malamin makarantar boko, ya ce ya karanta ya ji da kunnensa.

"Ai sunanka ne, Malam. Ashafa na Zaitawa."

Matar Ilu ta yi magana daga bayan labule.

"Da Bature ya tambaye shi, cewa ya yi ƙane ba ya faɗin sunansa alhali wansa na da rai."

Ashafa ya fita ƙofar zaure ya tsuguna, ya ɗauki busasshiyar saiwar yana juyawa. Bai san itacen da aka haƙo ta ba, kuma babu sauran wanda zai tambaya.