Kofunan Shayi a Gindin Bango

Yayata ta dawo gidanmu na unguwar Hindawiyya ne lokacin da ƙasa ta hana garin mijinta sakat. Garin yana can arewa cikin tsaunuka, kusa da filin baƙin dutsen nan da ake kira harra. Girgizar ba babba ba ce, amma ta ƙi ƙarewa. Ƙanana-ƙanana, safe da rana, har mutane suka fara kwashe iyalansu.

Tana ajiye jaka ta shiga kicin, ta sauke kofunan shayin Umma daga kan kanta, ta jera su a ƙasa, a gindin bango.

"Yaya, nan fa Makka ne," na ce. "Ba abin da ke motsi sai tasi."

"Ke dai bar su. Hannuna ne ya saba."

Ni ba kofuna ne suka dame ni ba. Tun da aka kai ta ɗakinta, namu ɗakin ya yi mini girma. So nake ta zauna, shi ke nan.

A makaranta malamarmu ta yi mana bayani. Narkakken dutse ne ke turowa daga ƙarƙashin harra yana neman hanya, yana tsattsaga dutsen da ke samansa, kowace tsaga girgiza ce. Ta ce Bahar Maliya ma buɗewa yake yi a hankali. Na kwaso wannan duka na juye wa Yaya tana yanka albasa.

"Abin nan ba gamawa yake ba. Ko ya yi shiru yana nan a ƙasa. Ki zauna, halas, magana ta ƙare."

"To, malama. Shi kuma mijin nawa, a aljihu zan sa shi?"

"Ya zo ya ja tasi kamar kowa."

Ta yi dariya har ta goge ido da bakin mayafi. Wai albasa ce.

Girgizar ta lafa. Mijin ya zo da mota bayan la'asar ya ɗauke ta. Ban raka ta bakin titi ba, na ce ina da wanke-wanke.

Umma ta ce in mayar da kofuna kanta. Na mayar, ban da mai tsagen nan da Yaya ke shan shayi da shi. Yana nan a gindin bango, Umma ta gaji da magana, yanzu kewaye shi take yi da tsintsiya.

In Yaya ta kira waya, kafin gaisuwa nake tambaya, "Ƙasa ta motsa?"

"Lafiya lau, ko gezau."

Sai in ce alhamdu lillahi, in miƙa wa Umma wayar.