Gilashin da Na Saya Don Tseren 'Yata

Shekara huɗu bayan rabuwarmu da uwar 'yata, ina zaune ni kaɗai a ciki da falo a unguwar Barkin Sale, nan Minna. Da safe in tafi ofis inda nake aikin ajiye fayil, da yamma in biya bakin titi in sayi tuwo, in ci a gaban rediyo. Uwar ta yi aure a Kpakungu, wani mai sayar da kayan gini ya aure ta, yarinyar kuma tana hannunta. Babu wanda ya hana ni ganinta, ƙafata ce dai ta yi nauyi. Duk ranar da na je sai a shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, in tambaye ta karatu, ta ce lafiya lau, sai in tashi in tafi. Tun ina zuwa duk wata har na koma sai da sallah.

Yayata ce ta gaya mini yarinyar tana gudu, wai a makarantarsu babu macen da ke kamo ta. Da aka yi wasannin guje-guje na shekarar sai na ɗauki tsohuwar kyamarata mai fim, wadda na saya tun ina saurayi, na tafi. Iyaye suna zaune a ƙarƙashin rumfa, na hango uwarta da mijinta a layin gaba. Na kasa ƙarasawa. Na zagaya bayan wayar da aka kewaye filin da ita, na tsaya gindin wani mangwaro na yi ta ɗauka. Da aka wanko hotunan, filin ne ya fito fes, da sararin sama, da rumfar. Masu gudun kuwa kamar an watsa gero a faranti. Na daɗe ina dubawa ban gane wacce ce tawa ba.

Da shekara ta kusa zagayowa na shiga neman gilashin da ke jawo nesa kusa, wanda masu hoto ke kira zum. A wani shago kusa da kasuwa na ga sabo a kwali. Da mai shagon ya faɗi kuɗinsa, godiya kawai na yi masa na fito. Wani mai ɗaukar hoton biki ne ya kwatanta mini wani dattijo mutumin Bida, mai gyaran kyamara a Limawa.

Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba. Na same shi da tabarau a kan hanci, yana tsintar wani ƙaramin noti da hantsaki. Ya karɓi kyamarata ya juya ta, ya danna ya saurari ƙararta.

“Lafiyarta ƙalau. Me za ka ɗauka, Malam? Tsuntsu ko ƙwallo?”

“Gudu, Baba. Tseren 'yan makaranta.”

“To ka shiga filin mana. Ai ana barin masu hoto.”

Na ce daga waje nake so. Ya dube ni ta saman tabarau, bai sake tambaya ba.

Abu uku ya jera mini a kan tebur. Na farko wani ɗan ƙarfe ne kamar zobe, ana ɗaura shi a bayan gilashin da nake da shi ya ninka nisansa. Shi ne mafi araha, har hannuna ya kai kansa. Dattijon ya ce yana cin haske, kuma abin da ke motsi sai ya fito kamar an shafa shi da hannu. Na biyu mara nauyi ne, na roba, mai kyan gani, yana saita kansa da kansa, amma ba a kan tsohuwar kyamara irin tawa ba. Na ukun ya zaro shi ne daga cikin wata tsohuwar safa. Baƙi ne dogo, ya kai taƙi ɗaya da rabi, fentinsa ya goge, ga wani ɗan tabo a gefen gilashin gaba.

“Tabon nan ne ya karya masa kuɗi, amma ba ya fita a hoto,” in ji shi. “Nauyi gare shi, kuma da hannu za ka saita. Ɗora ka leƙa.”

Na fito ƙofar shago na leƙa. Can ƙarshen layi wata mata tana suyar ƙosai, sai ga ta a gabana, har zufar goshinta ina gani. Na yi sauri na sauke, kunya ta kama ni kamar na leƙa gidan mutane.

Abin da na tanada bai kai ba sai da na haɗa masa da tsohon filashina, wato fitilar kyamara. Yana naɗe mini gilashin a safar ya ce, “Kada ka bi mai gudu da saiti, ba za ka kama shi ba. Ka zaɓi wuri ɗaya a kan hanyarsa, ka saita a nan, ka jira ya shigo. Kuma ka sami abin jingina hannu.”

Sati uku na yi ina koyo. In na taso daga aiki sai in zauna a kan dakalin ƙofar gida da kyamara babu fim, in saita a kan wani ramin titi, in jira ɗan acaɓa ya iso in danna. Maƙwabta suka riƙa kallona, wata ma ta ja mayafi ta canja hanya. Babu wanda ya tambaye ni abin da nake yi, ni ma ban gaya wa kowa ba.

Ranar wasan ana zafi irin na Minna, wanda tun hantsi riga ke manne wa mutum a baya. Na koma gindin mangwaron, na ɗora bakin gilashin a kan turken waya, na saita a kan farin layin da ke kwanar ƙarshe. Na sha jira. Aka yi fareti, aka yi tseren buhu, aka yi na malamai, sannan aka kira 'yan mata masu zagaye ɗaya.

Tana cikin masu koren kaya, da dogon wando da ɗan ƙaramin hijabi. Aka busa usur. Na manta da maganar dattijon, na bi ta da gilashin ina murɗawa ina dannawa, ban ga komai ba sai kore yana wucewa. Sai da suka doshi kwanar na tuna, na mayar da saitin kan layin na riƙe numfashi. Ta shigo. Na danna sau ɗaya.

Ta biyu ta zo. Ban sauke kyamarar ba, na bi ta har inda ta tsaya ta dafa gwiwoyinta. Mijin uwarta ya taso da gudu da ruwan leda a hannu, babbar rigarsa tana jan ƙasa. Ya yi mata wata magana, ta ɗago tana haki ta yi dariya. Ban taɓa ganin wannan dariyar ba, ban ma san tana da wushirya ba sai ranar. Fim bai ƙare ba, amma ban danna ba. Na naɗe kayana na hau acaɓa tun kafin a raba kyaututtuka.

Cikin fim ɗin gaba ɗaya hoto ɗaya ne ya fito. Ƙafafunta duka biyu a sama, ta cije leɓe, hijabin ya tashi ta baya. Na sa aka wanke mini manya guda biyu. Ɗaya ya kwana goma a cikin ambulan a kan tebur kafin na iya ɗaukarsa.

Ban kai shi gidan ba, shagon mijin uwarta na kai. Ya karkaɗe hannunsa daga ƙurar siminti, ya karɓa da gefe-gefe, ya daɗe yana kallo.

“Ikon Allah. Malam, ashe kana wurin? Ni da nake kusa ban ga haka ba. Don Allah baɗi ka zo mu zauna tare, ai 'yarka ce.”

Na ce in Allah ya kai mu. Ya sa aka kawo mini lemo, na sha rabi na yi masa sallama.

Bayan kwana biyu, ina ofis, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Muryarta ce, ƙasa-ƙasa.

“Abba, ina wuni. Na ga hoton. A ina ka tsaya?”

“Bayan waya, wajen mangwaro.”

“Ai da ka ɗaga hannu.”

Na tambaye ta karatu. Ta ce lafiya lau. Sannan ta ce ta gode, katin zai ƙare.

Baɗin ba ta yi gudu ba. An mayar da ita makarantar kwana a wani gari, can kuma ta bar wasan, ban sake ganin tserenta ba. Gilashin dai ya zauna a hannuna. Na koma zuwa filin ƙwallon unguwa duk Asabar da la'asar, in tsaya can bayan raga in ɗauki mutanen da ban sani ba. A hankali hannuna ya faɗa, har wasu 'yan wasan suka fara tare ni suna tambaya ko sun fito. In na wanko sai in kai musu, su yi ta miƙa wa juna suna ihu, ni kuma in saɓa jakata in kama hanyar gida kafin a kira magariba.