Ɗorawar Kaka a Bayan Tarakta

Jiya wata tarakta ta wuce ta ƙofar gidana a Ƙaura Namoda, an yi mata lodin itace har tana rangaji. Warin ɗanyen itace ya bugi hancina, nan take raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

A ƙauyenmu, can wajen Birnin Tsaba, da bazara ta shigo aikin mata shi ne tara itacen damina. Kakata ba ta yarda a ɗora gatari a kan abin da ke da ganye. Busasshe muke tsinta, mu ɗaure, mu aza bisa gammo. A gida sai ta jera duwatsu, manyan itatuwa a ƙasa, ƙirare a sama, ta rufe da tsohuwar zana don kada gara ko ruwa su taɓa. Ba zan ɓoye maka ba, wuyana ya sha wahala. Ranar da baffana, ƙanen mahaifinmu, ya ce zai kawo tarakta daga Zurmi ta kwaso itacen shekara a sawu ɗaya, har rawa na taka.

Ashe tarakta ba jaki ba ce, ba a komawa da ita da rabin kaya. Busasshen da aka tara a gona ko ƙasan bodinta bai rufe ba. Direba yana tsaki, mutane suna kallo, baffa kuwa ba ya son a ce ya yi abin kunya. Sai ya waiga ya ga ɗorawar da ke tsakiyar gonarmu.

Gona ta maza ce, amma ko yaro ya san 'ya'yan ɗorawa na mata ne. Da kalwarta kaka take yin daddawar da gidanmu ke ci daga shekara zuwa shekara. Baffa ya san haka sarai, kuma bai tambayi kowa ba.

Da aka juye kayan a ƙofar gida, kaka ta ɗauki ɓawo ɗaya ta shinshina.

"Wanga icce na san shi. Wa yas sare mani ɗorowa?"

"Haba Inna," in ji baffa, "kun huta da ɗauka. Ga icce nan har baɗi."

"To, baɗi sai mu sa icce cikin miya."

Itacen nan a ƙasa aka bar shi jibge, ɗanye sharaf, ruwa ya sauka a kansa. Wanda aka hura hayaƙi kawai ya yi, matan gida suna hawaye a gindin murhu, sauran gara ta cinye. Kaka ko sanda ɗaya ba ta sa a wutarta ba. Da kara da busasshen kashin shanu ta ƙare daminar. Ban taɓa ganin ɓarnar da ta ci mini rai irin wannan ba, kuma har yau ban huce ba.

Yanzu daji ba ya shiguwa saboda tsoro, gonakin kusa da gari kuwa an aske su tas, daddawa sai a kasuwa. Kwanan baya baffa ya zo wurina, ya tsufa, na kawo masa tuwo. Ya yi loma biyu ya ture kwanon, wai miyar zamani ba ta da ɗanɗano irin ta Inna.

Na ce, "Baffa, ai kai kaɗ ɗora ta bisa tarakta."

Ya wanke hannu ya tashi. Ni kuwa ban ba shi haƙuri ba.