Cinyar Akuya Mai Singileti

A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ina akawu a wani ofis da ba aikin kirki, sai na ɗora wa kaina rubuta littafin ɗan sanda mai bin sawun masu kisa. Na kashe mutum a shafi na tara, na yar da gawarsa a dajin hanyar Kona, daga nan na cije. Ta yaya ɗan sandan nawa zai san kwanan gawar nawa?

Maƙwabcina mutumin Lau ne, gwajin jini yake yi a asibiti. Da irin Hausarsa ya ce mini, "Ƙuda ba ta yin ƙarya. Ka saya nama, ka ajiye shi, ka rubuta rana da tsutsa ya fito."

Ni kuwa uban 'yan kimiyya, na sayo cinyar akuya, na sa mata tsohuwar singiletina don ta yi kama da mutum, na rataye ta a mangwaron bayan ɗakina. Safe da yamma ina tsaye da rula ina auna tsutsa. Wari kuwa, wayyo Allah! Matan gidan hayarmu suka daina amsa gaisuwata.

Abin da na sha'afa shi ne, a lokacin ina neman auren wata malamar firamare, 'yar Zage-zagi, wadda nake so kamar in mutu. Mahaifinta ya ce sai an yi bincike a kan halina kafin ya ba da amsa. Ƙanensa ya turo, dattijo marar fara'a. Tun daga ƙofar gida matan suka rattaba masa cewa ni matsafi ne.

Da la'asar ya same ni, hanci ɗaure da hankici, tsutsa kwance a kan rula. Na zube ƙasa.

"Kawu, barka da zuwa. Wallahi littafi nake rubutawa."

Ko kallona bai yi ba. Ya ɗage singiletin da sandarsa, ya leƙa, ya shinshina.

"Kwana biyar," in ji shi. "Ranar Asabar da hantsi aka yanka. Kuma samari, tsohuwar tunkiya ce wannan, ba akuya ba."

Na duba takardata. Asabar ɗin ce! Ashe mahauci ne tun kafin a haife ni. Nan take na manta da aure, na jawo masa kujera.

"Kawu, in da damina ce fa?"

Ya zauna. Har aka kira magariba yana bayani ina rubutawa: wane ƙuda ke fara sauka, yaushe fata ke kumbura, yadda inuwa ke jinkirta ruɓa. Sai da ya fita na tuna abin da ya kawo shi. Kwana uku ina zaman jiran amsa.

Malamar ce ta kawo mini rahoton da ya kai gida, tana dariya har da hawaye. Wai ya ce, "Yaya, yaron ba matsafi ba ne, ba ya shaye-shaye. Wauta ce kawai, ita kuma ba ta hana aure. A ba shi. Amma kada a kuskura a aike shi kasuwa."

Ɗan sandan littafin na mayar da shi mahauci. Jikokinmu biyu yanzu, kuma har yau ba ta taɓa bari na sayo naman miya ba.