Motar Isyaku a Sanyin Jos

Isyaku bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kwanciya ƙarƙashin manyan motoci a bakin Ƙofar Mazugal, har ƙeyarsa ta daina tsirar da gashi. In mota ta gifta, daga kukanta yake faɗin ciwonta.

A hunturun shekara ta biyu ta yaƙin basasa, maƙwabcinsa Malam Audu, malamin makaranta, ya sami takarda. Ɗansa Jibrin, soja, yana kwance a asibiti a Jos, likita ya ce a zo a ɗauke shi tun da sauran numfashi. Mota ta yi wuya a gari. Isyaku kuwa yana da wata tsohuwa mai shan gas da yake ɗaukar gyaɗa da ita.

"Mu kama hanya yanzu, Malam Isyaku."

"Zuwa ba wuya, Malam, dawowar nake ji. A sanyin Jos gas kamewa yake kamar man shanu. In motar ta kwana can ba shiri, sai da azahar za ta tashi. In ma ta tashi."

Wuni guda Malam Audu yana tsaye yana jira. Isyaku ya tsiyaye tanki, ya tace gas da ƙyalle, ya auna kananzir da kwalba ya sirka. Ya ɗaure buhu a gaban lagireto. Batir kuwa, bargon da yake rufa da shi ya naɗa masa. Sannan ya leƙa gida ya ɗauko kaskon wutar matarsa.

Matar, 'Yardada, ta biyo shi har zaure. "Malam, ni kuma da me zan ji ɗumi?"

"Ke ko kin daskare kya tashi. Ita fa?"

Washegari suka isa Jos, suka kwana. Da gari ya waye, manyan motoci uku na ƙofar asibiti, direbobi na ta turawa, ba wadda ta ko yi tari. An fito da Jibrin a katifa, haƙoransa na haɗuwa. Isyaku tun idar da salla ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin injin. Yana tsugune, yana gusa shi kaɗan-kaɗan, tafinsa a jikin ƙarfen kamar mai duba zazzaɓi. Can ya ce, "Ta yi." Ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli sau ɗaya.

Ta tashi.

La'asar sakaliya suka shigo Kano. Jibrin ya ce a ɗaga masa kai ya ga Dala. Kwana huɗu ya yi a ɗakin mahaifiyarsa, yana shan kunun hannunta. Ranar Laraba da hantsi ya cika.